Kangon injin niƙa a bakin kogin Volga, da abin da ya tuna mini game da ganuwarmu

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Volga a tsakiyar birnin Volgograd na ƙasar Rasha, inda neman ilimi ya kawo ni shekarun baya har zama ya riƙe ni, ba zai rasa ganin wani dogon bene na jan bulo mai hawa biyar ba, wanda rufinsa ya rufta a wurare da dama, ba ƙyaure, ba gilashin taga, jikin bangonsa kuwa duk ramuka ne manya da ƙanana kamar fuskar wanda agana ta taɓa kamawa. Ranar da na fara ganinsa, abin da ya zo mini a rai shi ne abin da zai zo wa duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa: ko dai masu shi sun mutu magada sun kasa daidaitawa, ko kuwa hukuma ce ta yi sakaci, domin a wurinmu waɗannan su ne dalilan da ke barin kango a tsakiyar gari. Sai daga baya na gane cewa da gangan aka bar shi haka, kuma ana kashe kuɗi a kansa domin ya ci gaba da zama a yadda yaƙi ya bar shi. Wannan shi ne injin niƙan Gerhardt, wanda wasu tsofaffin garin suka fi sani da sunan injin Grudinin.

A ƙarshen ƙarni na 19 sunan garin Tsaritsyn, kuma arzikinsa ya samo asali ne daga haɗuwar kogi da layin dogo, domin tun 1862 aka shimfiɗa dogon da ya haɗa Volga da kogin Don, daga baya wasu layukan suka biyo baya. Katako yana gangarowa daga arewa, man fetur na Baku da kifi da gishiri suna haurowa daga kudu, alkama kuwa tana kwararowa daga faffaɗan filayen da suka kewaye yankin. A cikin wannan hada-hada ne wani ɗan kasuwa mai suna Alexander Gerhardt ya gina injin niƙan alkama mai aiki da tururi a wajajen 1900. Gerhardt Bajamushe ne ta asali, amma ɗan ƙasar Rasha ne haihuwa da tashi, daga cikin jikokin manoman da sarauniya Katarina ta Biyu ta gayyato daga Jamus a wajajen 1763 ta ba su filayen noma a gaɓar Volga. Gobara ta cinye ginin farko a 1907, abin da ba baƙo ba ne ga masu wannan sana'a, domin ƙurar gari idan ta cika ɗaki tana kamawa da wuta kamar albarushi. Bai karaya ba, ya sake gina shi a 1908, kuma darasin gobarar ya sa a wannan karon ya yi masa ƙashi na kankare da rodi, ya lulluɓe shi da bango mai kauri na jan bulo, sannan magina suka jera sunansa da bulo a can saman bangon, inda har yau ake iya karanta shi.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa irin wannan injin yake da tsawo da ƙarfi haka, domin a nan ne sirrin abin da ya faru daga baya yake. Ni da na saba da dutsen niƙa na kakata, da kuma ƙaramin injin unguwa inda ake aiken yara da kwanon dawa a ka, sai da aka yi mini bayani kafin na gane. A babban injin alkama, ana ɗaga hatsin ne zuwa hawa na ƙarshe da wasu ƙananan bokitai da ke jere a jikin bel, daga nan nauyinsa ne ke sauko da shi hawa bayan hawa: a nan a cire tsakuwa da ƙaiƙayi, a can ya ratsa tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa su fasa shi, a gaba ya faɗa cikin rariya mai kaɗawa ta raba gari da dusa, abin da bai yi laushi ba a sake mayar da shi sama. Wannan aiki yana girgiza gini dare da rana, ga nauyin hatsi da na injuna a kan kowane hawa, saboda haka dole a yi ginshiƙai da daɓe da suka fi na gidan kwana ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da aka gina domin ya jure girgizar niƙa, shi ne ya jure girgizar bama-bamai shekara talatin da huɗu bayan haka.

Bayan juyin juya halin 1917 gwamnatin Kwaminis ta ƙwace injin ta mayar da shi mallakar hukuma, sannan aka sa masa sunan Konstantin Grudinin, wani jagoran ma'aikata na jam'iyya da aka kashe a 1922, a daidai shekarun da yunwa mai tsanani ta halaka miliyoyin mutane a yankin Volga. A 1925 garin ma ya canza suna ya koma Stalingrad. Injin ya ci gaba da aikinsa na niƙa a ƙarƙashin sababbin iyayen gida.

Da rundunar Hitila ta tunkaro Volga a damunar 1942, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai a ranar 23 ga Agusta, unguwannin katako suka ƙone ƙurmus, tankunan mai suka fashe har wuta ta riƙa ci a kan ruwan kogi, dubban fararen hula suka mutu. Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihin wannan gini shi ne cewa duk da haka bai daina niƙa ba. Ma'aikatansa sun ci gaba da zuwa aiki a cikin garin da ke ci da wuta, suna fitar da garin da za a yi wa soja da sauran mazauna burodi, har zuwa 14 ga Satumba, ranar da bama-bamai suka faɗa masa wuta ta tashi, aiki ya tsaya. Makonni uku ke nan. Littattafan tarihi sun cika da sunayen janar-janar, amma ni duk lokacin da na tsaya a gaban kangon, waɗannan masu niƙa nake fara tunawa, domin Bahaushe ya riga ya faɗa cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma sojan da bai ci ba, komai jarumtarsa, ba zai daɗe da bindiga a hannu ba.

A daren wannan rana ta 14 ga Satumba, lokacin da Jamusawa suka riga suka kutsa tsakiyar birnin har suna hango mashigar kogi, aka fara tsallako da runduna ta 13 ta zaratan sojojin Sobiyet a ƙarƙashin Janar Alexander Rodimtsev, mutum kusan 10,000, a cikin ƙananan jiragen ruwa da kwale-kwale, igwa tana zuba musu wuta. Da yawa ba su taka tudu ba. Waɗanda suka tsira suka hau gaɓa suka shiga faɗa gida-gida, kuma injin niƙan ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka kafa ƙafa. Tsawonsa ya ba su damar hango motsin abokan gaba, kaurin bangonsa ya kare su daga harsashi, ƙarƙashinsa ya zama mafaka, bayansa kuwa babu komai sai gangaren da ke sauka zuwa ruwa. Idan ya faɗi, Jamusawa sun samu wurin da za su zauna su hana duk wani jirgi tsallakowa da abinci ko harsashi ko sababbin dakaru. Tsallaken titi akwai wani bene na mazauna mai hawa huɗu wanda Saje Yakov Pavlov da 'yan tsirarun abokansa suka kama a ƙarshen Satumba, aka ƙaro musu mutane a ƙarƙashin Laftanar Ivan Afanasyev, suka riƙe shi kwana 58. Sunan gidan Pavlov ya zagaya duniya, amma ta cikin ramin da aka haƙa daga wajen injin niƙan ne ake rarrafawa a kai musu ruwa da abinci da albarusai, kuma bindigogin da ke cikin injin ne ke kare musu gefe. Injin bai fita daga hannun sojojin Sobiyet ba har aka yi wa rundunar Jamus ta 6 ƙawanya a ranar 23 ga Nuwamba, har kwamandanta Paulus ya miƙa wuya a 31 ga Janairun 1943, har harbi ya tsaya a 2 ga Fabrairu.

Ba a wannan gini kaɗai abinci da yaƙi suka haɗu ba. A kudancin birnin akwai wani katafaren rumbun hatsi na kankare, inda sojoji 'yan ƙalilan suka tsaya kwanaki a tsakiyar Satumba, alkama tana ci da wuta a kewaye da su, hayaƙi yana shaƙe su, ruwan sha ya ƙare musu, kafin a fi ƙarfinsu. A Leningrad kuwa, inda aka yi wa birni ƙawanya kwana 872, rabon burodin mai zaman gida ya sauko zuwa giram 125 a rana a ƙarshen 1941. Tun kafin a fara harbi, masu tsara wa Hitila yaƙi sun rubuta a takarda cewa za su kwashe hatsin ƙasar Sobiyet su ciyar da sojansu da mutanensu, ko da miliyoyin masu ƙasar za su mutu da yunwa. Saboda haka a ganina babu ginin da ya fi cancantar zama shaidar wannan yaƙi kamar wurin da ake niƙa gari.

Akwai kuma wata shaida da bangon yake bayarwa wadda ba kowa ke son jin ta ba. A ranar 28 ga Agustan 1941 gwamnatin Stalin ta ba da umarnin kwashe Jamusawan Volga baki ɗaya, mutum dubu ɗaruruwa, maza da mata da yara waɗanda kakanninsu suka yi kusan shekara 180 a ƙasar, aka cusa su cikin taragun jirgin ƙasa aka watsa su a Saiberiya da Kazakistan, ba don wani laifi da aka kama su da shi ba sai don asalinsu. Shekara guda bayan haka, ginin da ɗaya daga cikinsu ya kafa ne ya zama garkuwar sojojin wannan gwamnati. A kan tudun Mamayev da ke wannan birni akwai mutum-mutumin nan na mace riƙe da takobi mai tsawon mita 85, wanda aka buɗe a 1967, kuma babu mai ganinsa bai jinjina ba, amma mutum-mutumi abin da masu mulki suka zaɓa su faɗa kawai yake faɗa. Kango ba ya zaɓe. Yana nuna ramin harsashi, yana kuma nuna sunan Bajamushen da ya gina shi, mai kallo ya haɗa biyun da kansa ya yi tunani.

Da yaƙi ya ƙare, mutanen garin sun yanke hukunci iri biyu a kan gine-gine biyu da ke kallon juna, kuma wannan ne ya fi burge ni. Gidan Pavlov, tun a 1943 wata ma'aikaciyar gidan renon yara mai suna Alexandra Cherkasova ta tara mata 'yan uwanta suka riƙa gyara shi bayan sun tashi daga aiki, ba tare da lada ba, domin mutane suna kwana a ramuka suna bukatar ɗaki, kuma har yau akwai iyalai a cikinsa. Injin niƙan kuwa aka bar shi yadda yake, ɗaya daga cikin kangaye ƙalilan da aka keɓe a duk faɗin birnin, daga baya aka gina gidan tarihin yaƙin a gefensa. Ba su ce sai sun adana komai ba, ba su kuma share komai ba. Sun zaɓi abu kaɗan suka ce wannan jikokinmu sai sun gan shi da idonsu, domin gani ya kori ji.

A nan ne tunanina yake komawa gida. Shekarar 1903, lokacin da injin Gerhardt na farko yake sabo, ita ce shekarar da ta juya tarihinmu: a ranar 3 ga Fabrairu sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa Kano da igwa, a 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, a 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. Waɗannan ranaku ba su gaza ranakun Stalingrad nauyi a wurinmu ba. Amma ni na gama sakandare ban taɓa taka Burmi ba, ban kuma san wanda ya taka a cikin abokan karatuna ba, alhali a nan ina ganin malamai suna kawo yara 'yan firamare cikin sanyin da ke daskarar da numfashi, su jera su a gaban kangon su nuna musu ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a ƙarni na 12, aka ci gaba da faɗaɗa ta har zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa, duk wanda ya san ta shekara talatin baya ya san yadda take ƙarewa: nan an yanke an kafa shago, can an ɗebi ƙasarta an yi tubali, gaba kuma ta zama juji. Ƙofofi da dama an rushe su domin faɗaɗa titi an sake gina su da siminti, sun fi da kyau a hoto, amma babu wani yaro da zai dafa su ya ce nan kakanninmu suka tsaya.

Ko yaƙin Hitila kansa ai bai bar mu ba. Dubban samarinmu sun tafi Boma a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma da Hausa ake ba da yawancinsu umarni. Jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana a filin jirgin Kano da na Maiduguri suke sauka su sha mai kafin su wuce Hartum da Alƙahira. A shekarar 1942 ɗin nan da ake gwabzawa a bakin Volga, bayan Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza, aka fara ɗiban talakawa daga ƙauyukan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa, manoma kuma aka matsa musu su ƙara noman gyaɗa domin Ingila na bukatar mai. Mu ma yaƙin ta ciki ya taɓa mu. Tsofaffin sojan Boma da muka taso muka gani suna gadi a ƙofar ofisoshi da lambobinsu a ƙirji, kusan duk sun kwanta dama, kuma labarin da ke cikin kawunansu mafi yawansa ya bi su kabari.

Na san akwai amsoshi, kuma wasu daga cikinsu suna da ƙarfi. Za a ce addininmu bai yarda da girmama gumaka ba, kuma gaskiya ne, ni ma ba gunki nake roƙo ba. Kango daban, gunki daban. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma ba za a duba abin da aka share aka yi tasha a kansa ba. Za a kuma ce tunawa da yaƙi na iya zama makami a hannun masu mulki, su riƙa tayar da tsohon miki domin su samu matasan da za su tura sabon fage. Wannan ma gaskiya ne, kuma zaman da na yi a nan ya nuna mini cewa haɗarin ba na tatsuniya ba ne. Amma na lura cewa fareti da kiɗan badujala da manyan gumaka su ne suka fi saurin karɓar wannan aiki, rusasshen gini kuwa, wanda ke nuna abin da wuta ke yi wa wurin neman abincin mutane, ya fi kusa da sanyaya jiki fiye da tunzura shi.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta kayan gini, kuma adalci ya wajabta in tsaya a kanta. Jan bulo da kankare za a iya barinsu shekara tamanin a ƙarƙashin ruwa da ƙanƙara su tsaya, ko da yake shi ma wannan injin yana tsufa, bulo yana zubowa, har an hana baƙi yawo a cikinsa yadda suka ga dama. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Katangar tubali idan aka bar ta damuna biyar babu yaɓe, ta fara komawa inda ta fito. Saboda haka abin da Rasha ta yi, wato ta janye hannu ta bar kango, mu ba zai yi mana ba ko da mun so. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa gyaran ganuwa ya kasance aikin gayya da sarki ke kira bayan damuna, kowace unguwa da kowane hakimi da ɓangaren da aka ɗora masa, magina suna gaba jama'a suna kwaɓa ƙasa suna miƙa musu. Ganuwa ba ta tsaya ƙarni takwas domin ƙarfin ƙasarta kawai ba, hannun mutane ne ya riƙe ta shekara bayan shekara, kuma ta fara mutuwa ne ranar da aka daina kiran gayyar. A wannan fuska abin da ya dace da mu ya fi kama da aikin Cherkasova da matan da ta tara fiye da barin kangon Gerhardt.

Abin da nake ganin za mu iya ɗauka daga nan shi ne hikimar zaɓe. Babu mai hankalin da zai ce birni mai miliyoyin mutane ya daina faɗaɗa titi, ko a hana talaka wurin kwana saboda tsohuwar katanga. Amma za a iya ware ɓangare ɗaya na ganuwa da bai riga ya lalace ba, tare da badalarsa da ramin da ke bayansa, a ce wannan ba mai taɓa shi, a damƙa yaɓensa na shekara-shekara ga zuriyar magina da har yanzu suke da sarkinsu da sanin sana'arsu, a biya su hakkinsu, a kuma sa makarantun da ke kusa su riƙa kawo yara ranar aikin su ga yadda ake kwaɓa ƙasa da makuba. Za a iya gyara hanyar Burmi a kafa allo da Hausa da Fulatanci da ajami mai bayyana abin da ya faru a ranar 27 ga Yulin 1903. Za a iya bin 'ya'ya da jikokin sojan Boma da na waɗanda aka ɗiba aikin kuza a naɗi abin da suka ji daga bakin iyayensu tun su ma ba su tafi ba, aikin da wayar hannu kaɗai ta isa a fara shi.

A hutun da ya wuce na koma gida, na nemi wani yanki na ganuwa da muke hawa muna yara mu hango masu shanu suna shigowa gari da yamma. Na tarar da jerin shaguna a wurin, kuma saurayin da ke sayar da kayan gyaran babur a ɗaya daga cikinsu ya yi mamaki da na ce masa a kan ganuwa yake zaune. Da na dawo Volgograd na sake bi ta gaban injin niƙan, dusar ƙanƙara ta cika tagoginsa, wata tsohuwa tana riƙe da hannun jikanta tana nuna masa haruffan da ke saman bango, shi kuma yana ƙoƙarin haɗa su ɗaya bayan ɗaya ya karanta sunan.